Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Allah kaɗai ya san wanda ya ƙirƙiro dabarar, amma da ita makarantun bokon Tamale suke aiki a wancan zamani. Tun da babu mai takardar haihuwa, ranar ɗaukar sababbin yara sai a jera su a layi, a ce kowa ya ɗora hannun dama bisa kai, ya zagayo da shi ya kamo kunnen hagu. Wanda yatsunsa suka taɓa kunne ya isa shiga aji. Wanda hannunsa ya tsaya a hanya, a shafa kansa a ce ya koma gida ya ƙara cin tuwo, sai baɗi. Dabara ce mai sauƙi, ba ta cin alli ba ta cin tawada, kuma a kan yawancin yara gaskiya take faɗi. Mai dabarar dai bai taɓa ganin Safiatu 'yar Sumaila tela ba.

Safiatu wada ce. Kanta irin na kowa, har ya ɗan fi, fuskarta fuskar uwarta sak, bakinta kuwa ya fi na duk yaran unguwarsu ta Changli kaifi. Hannuwa da ƙafafu ne suka tsaya tun tana ƙarama suka ƙi gaba. Ubanta Sumaila jikan fataken goro ne da suka zo daga ƙasar Hausa suka yada zango, zangon ya zama gida. Yana da rumfar kwano a ƙofar gidansa, da keken ɗinki mai ƙafa, kuma rabin kakin da yaran makaranta ke yawo da shi a garin daga ƙarƙashin allurarsa ya fito. Ya ɗinka wa 'ya'yan mahauta, ya ɗinka wa 'ya'yan masu lori, ya ɗinka wa 'ya'yan mutanen da ko gaisuwa ba sa yi da shi. 'Yarsa ta fari ce kaɗai bai taɓa yanka wa yadin makaranta ba, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ya yanka.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga mai baƙar tauraruwa, shekarar ya fara kai ta. Makarantar da ke kusa da unguwarsu ya nufa, ya riƙo hannunta, ita kuma tana ta zuba masa surutu har bakin layi. Hedimastan wani tsoho ne mutumin kudu, mai tabarau a ƙarshen hanci, ba mugu ba ne, sai dai doka a wurinsa doka ce. Safiatu ta ɗaga hannu da dukan ƙarfinta, yatsunta suka tsaya a tsakiyar ɗankwali. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ƙaramin yarinya ne, Tela. Kawo shi baɗi." A hanyar gida ta tambayi ubanta ko saura da yawa. Sumaila ya dubi gefe ya ce, "Saura kaɗan. Sai baɗi."

To wannan kalma ita ta zama abincin gidan. Baɗi ta zo, aka koma layi, aka dawo. Wata baɗin ta zo. Sa'o'inta suka yi gaba, suna wucewa ta ƙofar rumfa da safe da allunansu a hammata, suna rera waƙoƙin Turanci da ba su san ma'anarsu ba. Ita tana zaune a kan tabarma kusa da ƙafar keken, tana sa maɓallai a rigunansu, ta haddace waƙoƙin kaf tun daga nesa. Ko daga ƙarshen titi ta hango yaro ta san makarantarsa ta launin rigarsa. In ƙararrawa ta kaɗa daga can, sai allurar ta tsaya a hannunta har sautin ya mutu, sannan ta ci gaba. Sumaila yana ganin haka kullum, kuma kullum sai ya ƙara wa keken gudu don kada ya ji shirun.

Uwarta Ashetu, Badagomba ce mai sayar da koko da ƙosai, ita kuwa ba ta zauna ba. Kowace safiya kafin ta ɗora tukunya sai ta narka man kaɗanya ta murza hannuwan yarinyar tun daga kafaɗa har yatsu, tana ja a hankali. An kai ta wurin maɗori, ya lalluba ya ce shi karaya yake ɗorawa, nan kuwa babu abin da ya karye. An sha rubutu, an yi sadakar waina. Safiatu da kanta ta samo nata maganin: reshen dogon yaro da ke tsakar gida, ta sa a ɗaga ta ta kama, ta yi ta reto har fuskarta ta yi jawur, don wata yarinya ta ce mata haka hannu yake tsawo. Babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata komai. Ta ga kowane ƙaramin yaro yana girma, ta ɗauka nata layin ne bai zo ba tukuna. Sumaila kuwa mutum ne da idonsa ya saba da awon jikin mutane, daga kallo ɗaya ya san tsawon hannun riga, ya daɗe da sanin abin da ya sani.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne bara. Ƙanenta Fatawu, wanda ita ta yi renonsa tana kaɗa masa ƙafa yana barci, ya shiga layi tare da ita, ya miƙa hannu ya cafke kunne har da murɗawa. Ya dawo gida yana tsalle. Safiatu ce ta sa wa rigarsa maɓallai, ta gyara masa wuya ranar farko, ta ce masa ya riƙe mata wuri kusa da taga. Da ya tafi sai ta koma reshen nan.

Bana sai gwamnati ta yi shela cewa karatun firamare ya zama kyauta, kuma dole ne a kan kowane yaro. Sababbin makarantu suka ɓullo a gari kamar ciyawar farkon damina, wasu ma rumfunan zana ne kawai da allo a jingine. Aiki ya yi wa Sumaila yawa har yadin kaki ya cika rumfa. Wata safiya Ashetu ta kawo masa koko, ta tsaya ba ta tafi ba. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, amma ba a taɓa kasa gane inda ta dosa ba.

"Maigida, yarinya ya girma fa. Ya fara jin kunya. In ka kai shi wurin tsoho mai gilashi bana kuma, ni ba ni rakiya."

"To ina zan kai ta?"

"Sukul ya yi yawa yanzu. Kai ke ɗinka kaya nasu duka, ka fi ni sani. Ka duba wanda ba shi tambaya kunne."

Makarantar mishan ya fara gwadawa, can a gefen gari, don an ce masa matan mishan ba sa korar kowa. Ashetu ba ta so ba, ta ce za a canza wa 'yarta suna a dawo mata da wata daban. Abokansa na masallaci ma sun ɗaga gira. Ya yi kunnen uwar shegu da su, ya ɗora Safiatu a bayan kekensa na hawa suka tafi. Gaskiya wurin ya burge shi. Gini ne na bulo mai farin fenti, ga furanni a jere, ga rijiya da murfi. Wata Sista Baturiya ta fito da fara'a, tana jagwalgwala Dagbanci, yaren garin, iya ƙarfinta. Ba ta ce a ɗaga hannu ba, ba ta ko kalli kunne ba. Sai dai kafin Sumaila ya gama gaisuwa ta sunkuya ta sungumi Safiatu ta ɗora a kwankwaso, tana ja mata kumatu, ta nufi wani ɗaki da ita.

Ɗakin ƙananan yara ne, waɗanda ba su ma isa aji ɗaya ba, wasu da majina, ɗaya yana kuka yana kiran uwarsa. Sista ta zaunar da ita a wata 'yar kujera mai shuɗin fenti. Nan Sumaila ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife ta: 'yarsa zaune a kujera, tafin ƙafafunta biyu a ƙasa, gwiwar hannunta a kan tebur daidai wa daida. Kamar don ita kafinta ya yi su. Ya ji a ransa cewa an gama, nan ne wurin. Har ya fara tunanin yadin shuɗi mai ratsi da yake ɗinka wa 'yan matan makarantar, da inda zai fara sa almakashi.

Suka kamo hanyar gida. Sai da suka kusa kasuwa ya ji muryarta a bayansa.

"Baba, ta ɗauke ni."

"Ai so ne. Ba ki ga kujerar ba? Ba ta yi miki daɗi ba?"

"Ta yi daɗi." Ta ƙara riƙe rigarsa. "Yaron da ke kusa da ni ya yi fitsari a wando. Fatawu ma ya girme shi. Baba, ni na zubar da haƙorana tun yaushe, sababbi sun fito. Ba ta ko tambaye ni sunana ba."

Bai sake tayar da maganar mishan ba, ko da yake kujerar nan ta daɗe tana dawo masa a ido.

Ana cikin haka sai Masta Andani ya zo karɓar wandonsa. Matashi ne Badagombe, dogo, siriri, sabon fitowa daga kwalejin malamai, an ba shi riƙon wata sabuwar makaranta a unguwar Nyohini. Irin samarin nan ne na lokacin 'yanci da suke tafiya kamar su za su gyara duniya kafin azahar. Ya tarar da Safiatu tana sa maɓalli tana rera waƙar lissafi ta 'yan aji uku. Ya tsaya ya jefa mata tambaya, ta amsa. Ya jefa wata, ta amsa ta kuma gyara masa maɓallin rigarsa da ya saka a ramin da ba nasa ba. Ya yi dariya har da dukan cinya. Da ta shiga gida ya dubi Sumaila.

"Tela, wannan wane sukul yake?"

Sumaila ya ba shi labarin layi da kunne.

"Kai! Wannan abu na kunne don yaro da ba a san shekaru nashi ba ne. Wannan kowa ya ji magana nashi ya san ya wuce. Kawo shi wuri na. Ba layi, ba komai, ya shiga aji kawai. Amma in gaya maka gaskiya, sukul namu zana ne. Benci dogo ne, na manya. In ruwa ya zo muna matsawa gefe ɗaya. Kuma Nyohini da nisa ga ƙafa nashi."

Nisa ba komai ba ne, in ji Sumaila a ransa, ga keke, ga ƙafafunsa. Benci kuwa a sa mata dutse ta taka. Mutumin da ya yi mata tambaya ya jira amsa, ai ya fi kujera mai fenti. Ashetu ma da ta ji ta ce Alhamdu lillahi, Masta ɗan gida ne, ta san dangin uwarsa. Da la'asar ya kira Safiatu rumfa, yana murna kamar shi za a ɗauka, ya gaya mata an samu makaranta, kuma ba sai ta shiga layi ba.

Ta ajiye allura ta dube shi. "Ba layi kamar yaya?"

"Masta ya ce ki wuce aji kai tsaye."

"A'a, Baba. Kowa ta layi ya shiga. Fatawu ta layi ya shiga. In na shiga ta baya za su ce alfarma aka yi mini, su yi ta tsokanata har in gama." Ta ɗaga hannu ta ɗora a kai, ta karkatar da wuya, ta miƙe yatsu har suna rawa. "Duba. Bana na ji ya ƙaru. Ba saura kaɗan ba?"

A nan ya kamata Sumaila ya yi magana. Rumfar babu kowa, titi shiru, yarinyar ta tambaye shi ido da ido. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cewa saura kaɗan, bakinsa ya riga ya san hanya. "Saura kaɗan," ya ce, ya sunkuyar da kai yana neman zaren da ke hannunsa.

Washegari ya rufe rumfa ya taka keke har Nyohini. Ya samu Masta Andani yana sa yara share fili, ya ja shi gefe, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da buƙatarsa. Yana so ranar ɗauka Safiatu ta shiga layi kamar kowa, ta ɗaga hannu, Masta ya ce ya kai. Shi ke nan. Kalma biyu.

Masta ya sosa ƙeya. "Tela, yarinya nan ba jariri ba ne. Kunne nashi ne fa. Zai sani."

"Za ta yarda. In Masta ya faɗa a gaban mutane za ta yarda. Abin da take so ta ji ke nan tun tana 'yar mitsitsiya. Don Allah, Masta. Ni ban iya gaya mata ɗayar maganar ba."

Saurayin ya dube shi, ya ga dattijo da furfura a gemu yana roƙonsa kamar yaro, ya kasa cewa a'a. Sumaila ya dawo gida zuciyarsa wasai, yana ganin ya yi dabarar da ta fi ta mai kunne. Haka son ɗa yake mai da mai hankali wawa.

Ranar ɗauka an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi da ƙamshin ƙasa. Ashetu ta murza hannun da man kaɗanya fiye da kullum, ta ɗaura wa yarinyar sabon ɗankwali. Filin makarantar Nyohini ya cika da iyaye, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, masu tubani da gyaɗa sun kafa tire a gindin bishiya. Masta Andani na zaune a bayan tebur da rajista a gabansa. Yara suna matsowa ɗaya bayan ɗaya, hannu bisa kai, wani ya kama a ce wuce, wani ya kasa uwarsa ta ja shi tana faɗa kamar laifinsa ne. Safiatu tana tsakiyar layi, duk wanda ke gabanta da bayanta ƙanen ƙanenta ne, amma kusan duk sun fi ta tsawo. Sumaila ya tsaya gefe riƙe da keke.

Layi ya zo kanta. Ta gaida Masta da ladabi, ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta ɗaga hannu. Yatsun suka hau ɗankwali, suka wuce tsakiya da ƙyar, suka tsaya inda suka saba tsayawa.

"Ya kai!" in ji Masta da ƙarfi, har ya buga tebur. "Wuce. Suna?"

Ba ta motsa ba. Hannun yana nan bisa kai, yatsun suna lalube, suna neman abin da aka ce sun samu. Sumaila ya ga fuskarta ta haskaka na ɗan lokaci, ya ga hasken ya dushe.

"Masta, bai kai ba."

"Na ce ya kai. Ni ne Masta."

"Bai kai ba. Ga kunnen can." Ta ɗaga hannun hagu ta kama shi ta nuna masa. "Ban taɓa shi ba. Ɗankwali nake taɓawa."

Wata mata ta ƙyalƙyale da dariya, wasu suka taya ta, ba da mugunta ba, abin ne ya ba su mamaki, yarinya tana gardama da sa'arta. Masta ya dubi Sumaila. Safiatu ta sauke hannu, ta fita daga layi da kanta, ta tako har wurin ubanta, ta kama gefen rigarsa.

"Baba, Masta bai gani da kyau ba. Mu je gida. Sai baɗi."

Maganarsa ce ta dawo masa da ita, da muryar lallashi, ita ce ma take ba shi haƙuri. Sumaila ya hango baɗi, da baɗin da ke bayanta, da yarinyar nan tana reto a reshe har ta zama budurwa, tana sa maɓallai a rigunan 'ya'yan sa'o'inta. Ya jingine keken, ya ja ta bayan rumfar zana inda babu mutane, ya durƙusa a cikin taɓo har fuskarsa ta zo daidai da tata.

"Safiatu, ba zai kai ba."

"Bana?"

"Bana, da baɗi, da bayan baɗi. Haka Allah ya yi ki. Za ki ƙara shekaru, za ki ƙara hankali, za ki zama babbar mace. Amma tsawon nan, kusan iyakarsa ke nan. Hannun ba zai kai ba."

Ta dube shi kamar yana wani yare. "Ka ce saura kaɗan."

"Na faɗa. Ba gaskiya ba ne."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin in fara kai ki layi."

"Mma fa? Tana shafa mini mai."

"Ta sani. Tana dai fata."

"Masta ma ya sani? Shi ya sa ya ce ya kai?" Sumaila ya gyaɗa kai. Ta dubi hannuwanta, suna ta ƙyallin man kaɗanya. "Duk gari an sani ke nan. Ni kaɗai nake reto."

Ya so ta yi kuka, ya so ta dake shi da 'yan hannuwan nan, ko ta zage shi da bakin da Allah ya ba ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya ta kama hanyar gida. Ya biyo ta da keke ya ce ta hau, ta girgiza kai. Haka suka ratso gari tun daga Nyohini har Changli, ita a gaba da gajerun takunta tana kewaye kududdufai, shi a baya yana tura keke, yana rage tafiya don kada ya wuce ta. Mutane suna gaishe shi yana amsawa bai san me yake cewa ba. Bai taɓa sanin garin yana da faɗi haka ba.

Kwanaki ba ta leƙo rumfa ba. Tana ɗaki, ko tana bayan gida tana taya uwarta gyaran wake, ba waƙa, ba tsokana. Ashetu ta narka mai da safe bisa sabo, yarinyar ta ce, "Mma, bar shi, ki soya ƙosai da shi," uwar ta fita tana share ido da bakin zane. Makarantu suka buɗe, yara suka dinga wucewa cikin sababbin kaki masu ƙamshin kanti. Masta Andani ya aiko a gaya wa Tela cewa wurin yarinya yana nan. Sumaila ya ce an gode, bai isar da saƙon ba, don bai san da wane baki zai sake yi mata maganar makaranta ba. Ya zauna shi kaɗai yana sa maɓallai da kansa, yana soke yatsa. Kewarta ta dame shi, alhali tana bayan katanga ɗaya da shi. Ya yi kewar surutun, ya yi kewar har tambayar nan da yake tsoro. Ya tabbata ya yi hasarar makarantar, ya yi hasarar 'yar.

Wata hantsi yana cikin ɗinki sai inuwa ta faɗo a kan tabarma. Safiatu ce. Ba ta gaishe shi da wasa kamar da ba, ta gaishe shi kamar yadda manya ke gaisuwa. Ta wuce wurin da yake jera yadi, ta duba, ta jawo koren da 'yan matan Nyohini ke sawa, ta rungumo shi da ƙyar ta ajiye a kan tebur.

"Masta zai karɓe ni har yanzu?"

"Ya aiko. Ya ce wurinki yana nan."

"Wane aji?"

"Ya ce zai gwada ki, inda kika dace nan za ki zauna."

"Da tambaya zai gwada ni?"

"Da tambaya."

Ta shafa yadin. "Za su yi dariya."

"Wasu za su yi."

"To. Ɗinka."

Ya tashi, ya auna ta, ya shimfiɗa yadin, ya ɗauko alli. Ya zana wuya, ya zana kafaɗa, ya zana hannu, ya sauko ƙasa. Da ya zo iyakar tsawon rigar sai hannunsa ya ƙara taƙi guda kafin ya ja layi, kamar yadda kowane tela yake yi wa rigar yaro, a kalmashe a ciki, in ya girma a warware. Bai ma san ya yi ba. Safiatu ta hau kan akwatin zare tana kallo, ta sa yatsa a kan layin.

"Wannan na mene ne?"

"Kalmasa ce. Saboda in an..." Ya tsaya.

"Yanke shi, Baba. Ka ɗinka daidai ni."

Ya dubi ɗan tsakanin nan na yadi, taƙi guda tak, ya ji duk abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah a kai yana kwance a wurin. Yana son yarinyar nan yadda take, ya sani, ya daɗe da sani, amma wata doguwar Safiatu da ya yi ta jira ba ta taɓa barin zuciyarsa ba, kuma yanzu ne zai sallame ta. Ya goge layin da babban yatsa, ya ja sabo a inda ta nuna. Idonsa ya cika har allin ya rabu biyu, ya jira ya koma ɗaya.

Sannan ya sa almakashi. Ƙyallen ya zame daga tebur ya faɗi ƙasa, babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.